Mashaƙo a jihar Agadas: me ya sa kwana biyun farko suka fi komai muhimmanci?

Cutar mashaƙo, wadda likitoci ke kira difteri, ta sake kunno kai a Nijar tun shekarar 2023, kuma jihar Agadas na cikin wuraren da ta fi addaba. Ƙwayar cutar ba ta da wuyar kashewa. Dafin da take zubarwa shi ke kisa, kuma da zarar ya ƙetare tantanin ƙwayoyin jiki babu maganin da ke iya bin sa ciki. A jihar da ake kwana a hanya kafin a isa asibiti, wannan ɗan bayani na kimiyya ya zama batun rai da mutuwa.

A watan Nuwamban 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da sanarwa kan yaɗuwar mashaƙo a ƙasashen Afirka takwas: Aljeriya, Cadi, Gine, Mali, Muritaniya, Nijar, Najeriya da Afirka ta Kudu. Daga farkon watan Janairu zuwa farkon Nuwamban shekarar, an ƙidaya fiye da mutum dubu 20 da ake zargin sun kamu, fiye da 1,200 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. Najeriya ce ta fi kowa yawa. A Nijar adadin ya kusa 2,000, mamata sun haura 100, kuma jihohin Agadas, Diffa da Damagaram ne suka fi yawan masu ɗauke da cutar.

Abin bai faro daga nan ba. A ƙarshen 2022 annobar ta ɓarke a Kano, ta bazu a arewacin Najeriya. A watan Yulin 2023 ta bayyana a Matamaye, cikin jihar Damagaram, dab da kan iyaka. A watan Satumban 2024 kuma hukumomin Aljeriya suka tura likitoci da magunguna zuwa kudancin ƙasarsu, yankunan Tamanrasat da In Gezzam, saboda mashaƙo da zazzaɓin cizon sauro. In Gezzam ita ke kallon Asamaka ta ɗaya gefen iyaka. Ke nan jihar Agadas na tsakiyar hanyar da ta haɗa wuraren biyu.

Tambayar da iyaye da yawa ke yi ita ce: tunda akwai magungunan antibiyotik masu kashe wannan ƙwayar cuta, kuma ba su da tsada sosai, me ya sa yara ke mutuwa, wani lokaci ma bayan maƙogwaro ya warke, an sallame su daga asibiti? Amsar tana cikin abin da ke faruwa a wani wuri da ido ba ya gani.

Katangar da ta fi gashi siranta sau dubu goma

Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kimanin tiriliyan 30 a jikin baligi. Kowace ƙwaya kamar gida take: tana da abincinta, da ma'aikatanta, da katangar da ta kewaye ta. Wannan katanga wani tantani ne na maiƙo mai ninki biyu, wanda ya fi silin gashin kai siranta kusan sau dubu goma. Duk da haka yana aikinsa, domin ruwa da mai ba sa gauraya. Manyan sinadaran da ke yawo cikin jini ba sa iya ratsa shi kai tsaye, sai ta ƙofofi na musamman da ke jikinsa, kowace da irin baƙon da take karɓa.

Ƙwayoyin cuta irin na bakteriya da yawa sun samo dabarun karya wannan tsaro ta hanyar dafin da suke fitarwa. Wasu huda katangar suke yi. Ƙwayar nimokok, mai haddasa ciwon huhu da wani nau'in sanƙarau, tana fitar da dafin da ke manne wa tantani, ya taru ya yi zobe, ya buɗe rami. Abin da ke cikin ƙwayar jikin ya tsiyaye, ta mutu.

Wasu kuma shiga suke su ruɗa gidan ba tare da sun rushe shi ba. Haka dafin kwalara yake, cutar amai da gudawa da ta addabi jihar Maraɗi a 2018. Yana kama wata ƙofa a ƙwayoyin hanji, ya shiga, ya sa su riƙa fitar da gishiri ba tsayawa, ruwa kuma ya bi gishirin. Majinyaci na iya zubar da ruwan da ya kai lita guda cikin awa ɗaya. Amma ƙwayoyin hanjin ba su mutu ba, akwai wata ƙofar da ke shigar da gishiri tare da sukari wadda dafin bai taɓa ba. Shi ya sa ruwan gishiri da sukari ke ceton rai.

Dafin mashaƙo ya fi waɗannan mugunta. Yana shiga, ya tsayar da aikin gidan gaba ɗaya, kuma babu wata ƙofar baya da za a bi a gyara ɓarnar.

Yadda dafin ke shiga

Ƙwayar mashaƙo ba ta yawo cikin jiki. Takan zauna a maƙogwaro ko cikin hanci, wani lokaci a gyambon fata, ta hayayyafa a nan. Tana wucewa daga mutum zuwa mutum ta tari da atishawa, alamu kuma kan bayyana bayan kwana 2 zuwa 5. Dafin da take fitarwa shi ke bin jini ya zagaya ko'ina.

Dafin wani furotin ne mai sassa uku, kowane da aikinsa. Sashe na farko shi ne makulli. Yana dacewa da wata ƙofa da ke jikin tantanin ƙwayoyin ɗan Adam, wadda masana suka gano a 1992, suke kiran ta HB-EGF. Asalin aikin wannan ƙofa ya shafi girma da gyaran nama, dafin aron ta kawai yake yi. Muhimmancinta ya fito fili a jikin ɓera: tasa ƙofar ta ɗan bambanta da ta mutum, makullin ba ya kama ta, saboda haka dafin da zai kashe yaro ba ya yi wa ɓera wata illa ta a zo a gani.

Da makullin ya kama, sai ƙwayar jikin ta yi abin da ta saba yi da duk wani kaya da ya iso ƙofarta: tantanin ya lotsa ciki, ya naɗe dafin cikin wata ƴar jaka, ya shigar da ita. Har a wannan mataki dafin bai shiga tsakar gida ba, yana zaure ne, tantanin jakar ya raba shi da sauran gidan. Ƙwayar kan zuba tsami cikin irin wannan jaka don ta narkar da abin da ke ciki. Tsamin nan kuwa shi dafin ke jira. Yana sa sashe na biyu ya warware, ya nutse cikin maiƙon tantanin jakar, ya buɗe hanya. Ta nan sashe na uku ke silalewa ya faɗa tsakar gida.

Sashe na uku shi ne makashin. A cikin kowace ƙwayar jiki akwai injinan da ke ƙera furotin dare da rana, kamar masaƙa, kuma akwai wani ma'aikaci da masana ke kira EF-2 wanda ke tura zaren gaba bayan kowane ɗinki. Dafin yana liƙa wa EF-2 wani sinadari da ke gurgunta shi, ya sake shi, ya kama na gaba, ya gurgunta, haka har su ƙare. Shi dafin ba ya ƙarewa a wannan aiki. A 1978 masu bincike a Japan suka nuna cewa ƙwara ɗaya tak ta wannan sashe, in ta samu shiga, ta isa ta kashe ƙwayar jiki.

Daga maƙogwaro zuwa zuciya

Wannan tafiya ta dafin ita ke bayyana alamun cutar ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayoyin maƙogwaro su ke fara mutuwa. Gawarwakinsu, da jini, da ƙwayoyin cutar kansu, sukan dunƙule su zama wata fata mai kauri, ruwan toka, manne da bangon maƙogwaro. Likitan Faransa Pierre Bretonneau, wanda ya yi aiki a birnin Tours, daga wannan fata ya samo sunan difteri a 1826, kalmar Girkanci ce mai nufin jemammiyar fata. In aka yi ƙoƙarin kankare ta, jini take yi. In ta gangara ƙasa ta toshe hanyar iska, yaro ya shaƙe, abin da sunan Hausar ya nuna ke nan. Wuya kan kumbura sosai, har wasu iyaye su ɗauka hangum ne.

Amma shaƙewa rabin labarin ne. Ƙwayoyin zuciya da na jijiyoyin motsi suna da irin ƙofar da dafin ke nema. Bayan mako ɗaya zuwa biyu, lokacin da maƙogwaro ya fara sauƙi, iyali sun fara godiya ga Allah, sai zuciya ta raunana, bugunta ya rikice. Yaron da jiya ya tashi yana wasa yana iya faɗuwa farat ɗaya. Bayan wasu makonni kuma jijiyoyi kan nuna tasu illar: murya ta koma ta hanci, in an sha ruwa ya fito ta hanci saboda rufin baki ya shanye, gani ya dushe, ƙafafu su yi rauni, wani lokaci har naman da ke jan numfashi ya gaza. Duk wannan ɓarna ce ta dafin da ya shiga tun kwanakin farko.

Ko da magani, mashaƙo na kashe mutum 5 zuwa 10 cikin 100 da suka kamu. Ga wanda bai taɓa yin rigakafi ba kuma bai samu magani ba, adadin na kusan 3 cikin 10. Ƙananan yara su suka fi shiga haɗari.

Makarin da ke tsayawa a bakin ƙofa

Magani biyu ake haɗa wa mai mashaƙo, kuma ba aiki ɗaya suke ba. Antibiyotik, irin su azitromisin, eritromisin ko penisilin, yana kashe ƙwayar cutar, ya hana ta ƙara zubar da dafi, ya kuma hana majinyaci shafa wa wasu bayan kamar kwana biyu da fara sha. Sai dai ba ya taɓa dafin da ya riga ya fita.

Na biyun shi ne makarin dafi, wanda likitoci ke kira antitoksin. Mutanen Agadas sun san ɗan'uwansa, maganin dafin maciji da na kunama, domin hanya ɗaya ake bi wajen haɗa su. Ana yi wa doki allurar dafin da aka raunana, jikinsa ya ƙera garkuwa, a ɗebi jininsa a tace garkuwar a zuba a kwalba. In aka ɗura wa majinyaci, garkuwar dokin kan cafke dafin da ke yawo cikin jini, ta rufe makullinsa, ya kasa kama ƙofa.

Iyakar ƙarfinta ke nan. Garkuwar babbar aba ce, ita ma ba ta iya ratsa tantanin ƙwayar jiki. Dafin da ya riga ya shige ya fi ƙarfinta. Saboda haka makarin ba ya gyara abin da ya lalace, yana tare abin da bai iso ba ne kawai. Kowace awa da ta wuce, ƙarin dafi na barin jini yana shigewa zuciya da jijiyoyi.

Ƙa'idar jinya da OMS ta fitar a watan Fabrairun 2024 ta nuna wannan a cikin lissafi. Wanda ya zo kafin awa 48 da fara ciwo, kuma cutar ba ta wuce maƙogwaro ba, awo dubu 20 na makarin ya ishe shi. Wanda ya wuce awa 48, ko wuyansa ya kumbura, awo dubu 80 ake ba shi. Yawancin kwalaben da ke kasuwa awo dubu 10 ne a kowace. Ke nan maganin da zai wadaci yara huɗu da suka zo da wuri, yaro ɗaya da ya makara zai shanye shi, kuma duk da haka ba shi da tabbacin tsira kamar su.

Wannan na da nauyi domin makarin ya yi ƙaranci a duniya. Bayan da cutar ta kusa ɓacewa a Turai da Amurka, kamfanoni da yawa sun daina yin sa. Ƴan kaɗan suka rage, akasari a Indiya, kuma ba a hanzarta jinin doki kamar yadda ake hanzarta injin buga ƙwayar magani. Lokacin da annoba ta tashi a ƙasashe da yawa a tare, kowa layi ɗaya yake bi.

Nisan hanya a jihar da ta fi Faransa faɗi

A nan ne labarin tantanin ƙwayar jiki ya haɗu da taswirar Agadas. Jihar ta kai murabba'in kilomita dubu 667, fiye da rabin ƙasar Nijar, ta kuma fi Faransa faɗi. Daga Agadas zuwa Arlit kimanin kilomita 240 ne, daga Arlit zuwa Asamaka wasu 200 cikin rairayi. Ingal ta wuce kilomita 100. Bilma na can bayan Tenere, fiye da kilomita 500. Yamai, inda cibiyar bincike ta CERMES take, kusan kilomita 950 ce a mota.

A ɗauki misalin yaro a wani zangon makiyaya a yammacin Ingal. Ranar farko zazzaɓi ne mai sauƙi da ciwon wuya, abin da ba ya tada hankalin kowa. Rana ta biyu a ba shi jiƙo, ko ƙwayar da aka saya wurin mai tallar magani. Rana ta uku wuya ya kumbura, numfashi ya fara ƙara, a shiga neman babur ko mota. Rana ta huɗu a isa ƙaramin gidan likita, ma'aikacin ya gane cutar, amma ba shi da makari, sai ya rubuta takardar turawa gaba. Kafin a kai inda kwalbar take, awa 48 ɗin nan sun wuce sau biyu. Babu wanda ya yi sakaci da gangan a wannan labari, amma dafin bai jira kowa ba.

Ko a cikin gari, inda babban asibitin jiha yake kusa, jinkiri na da nasa hanyoyin. Ciwon wuyan yaro a ƙasar Hausa sau da yawa wanzami ake fara kai wa, a ce beli ne, wato hakin wuya, a cire. Ga mai mashaƙo wannan haɗari ne ninki biyu: ana ɓata lokaci, kuma yanka a wurin da ke cike da dafi na ƙara buɗe masa hanyar jini, ban da zubar jinin da fatar nan ke yi in an taɓa ta. Aska da hannun da suka taɓa shi kuma na iya kai cutar ga yaro na gaba.

Akwai kuma batun gwaji. Ba kowace ƙwayar mashaƙo ke yin dafi ba. Tun 1951 aka gano cewa sai wadda wani birus ya shiga jikinta ya ba ta umarnin ƙera dafin. Tabbatar da haka aikin babban ɗakin gwaji ne, yana cin kwanaki, ban da tafiyar samfurin. Shi ya sa ƙa'ida ta ce likita ya ba da makari da zarar ya ga alamun, kada ya jira sakamako. Gwajin na amfanar hukumomi ne wajen bin sawun annoba, ba ya cikin abin da ke ceton majinyacin da ke kwance.

Agadas gari ne na masu wucewa. Akwai matafiya masu nufin Libiya da Aljeriya, waɗanda zirga-zirgarsu ta sake buɗewa bayan soke dokar 2015-36 a watan Nuwamban 2023. Akwai waɗanda Aljeriya ke korowa ta Asamaka, da ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya fiye da dubu 30 a 2024. Akwai mahaƙa zinariya na Jado da Cibarakaten, da makiyayan da ke taruwa a Ingal kowane watan Satumba don bikin gishirin dabbobi. Ɗora wa baƙi laifin cutar kuskure ne, kuma yana sa marasa lafiya ɓuya. Ƙwayar ba ta duba takardar ɗan ƙasa. Abin da take nema shi ne cunkoso da jikin da ba shi da garkuwa, kuma ana samun wannan a ɗakin kwanan matafiya kamar yadda ake samun sa a makarantar allo ko ajin lakkwal.

Darasin tarihi

Abin takaicin shi ne an san duk wannan fiye da ƙarni guda. Friedrich Löffler ya raini ƙwayar a ɗakin gwaji a Jamus a 1884. A 1888 Émile Roux da Alexandre Yersin na Cibiyar Pasteur a Paris suka tace ruwan da aka raine ta a ciki, suka cire ƙwayar gaba ɗaya, suka ga ruwan kaɗai na kashe dabbobi. Nan aka gane dafi ne makashin. A 1890 Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo suka nuna cewa jinin dabbar da ta samu garkuwa na kare wata. A 1894 Roux ya gwada jinin doki a kan ɗaruruwan yara a wani asibitin Paris, mace-mace suka ragu da kusan rabi. Behring ne ya karɓi kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901.

Matsalar nisa ma tsohuwa ce. A farkon 1925 mashaƙo ta ɓarke a garin Nome na Alaska, ƙanƙara ta rufe teku. Aka ɗauko makarin a kan keken da karnuka ke ja, ana miƙa shi daga ayari zuwa ayari, kilomita fiye da 1,000 cikin kwana biyar da rabi. In aka sauya ƙanƙarar da rairayi, labarin Bilma ne.

Mafita ta dindindin ta zo a 1923, lokacin da Gaston Ramon, likitan dabbobi a Cibiyar Pasteur, ya gano cewa sinadarin formol da ɗan zafi na kashe kaifin dafin ba tare da sun sauya kamanninsa ba. In aka yi wa mutum allurar wannan gurgun dafi, jikinsa na ƙera tasa garkuwar. Ranar da dafin gaske ya zo, masu gadi na nan cikin jini tun kafin ya kai ƙofa. Babu jiran mota, babu jiran kwalba daga Indiya.

Wannan ita ce allurar da ke cikin Penta, wadda ake yi wa jarirai a mako na 6, na 10 da na 14. Sai dai garkuwar na raguwa da shekaru. Shi ya sa OMS ke ba da shawarar ƙarin allurai uku: tsakanin wata 12 zuwa 23, shekara 4 zuwa 7, da shekara 9 zuwa 15. Ƙasashen Afirka ta Yamma da yawa sun daɗe suna tsayawa a ukun farko, abin da ya bar ƴan makaranta da samari da raunanniyar kariya. Annobar korona ta ƙara dagula lamarin: a duniya, yaran da suka kammala allurai ukun sun sauka daga kashi 86 cikin 100 a 2019 zuwa 81 a 2021. Yaran da aka tsallake a lokacin su ne ƴan shekara biyar da shida na yanzu. Ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet sun ga abin da irin wannan giɓi ke haifarwa: a shekarun 1990 fiye da mutum dubu 150 suka kamu, dubbai suka mutu, da yawansu manya ne.

Abin da ya rage a yi

Zaɓin da ke gaban hukumomin lafiya ba mai sauƙi ba ne. Hankali na cewa a kusantar da makarin ga jama'a, a ajiye shi a Arlit, Bilma, Ingal, Iferwan, Aderbisanat da Cirozerin, maimakon a tara shi a babban birnin jiha ko a Yamai. Amma kwalaben kaɗan ne, suna da ranar lalacewa, kuma suna buƙatar sanyin firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8 a yankin da zafi ke wuce 40 a bazara, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Sannan jinin doki na iya tayar wa wasu mummunan borin jini, saboda haka sai a inda ke da ƙwararren ma'aikaci da allurar adrenalin a kusa ake ɗura shi. Ba za a iya ajiye shi a kowane ƙaramin gidan likita na ƙauye ba. Matsakaicin da ya fi dacewa shi ne asibitin kowace gunduma ya samu ɗan tanadi, da firijin hasken rana, da motar da ke iya tashi nan take. Rufe iyakokin da ya biyo bayan takunkumin CEDEAO, daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024, ya nuna haɗarin da ke cikin jiran a yi odar magani bayan annoba ta tashi.

Na biyu, a kai rigakafi inda mutane suke: bakin rijiyoyi, kasuwannin dabbobi, tashoshin mota, cibiyoyin karɓar matafiya, wuraren haƙar zinariya, da taron Ingal. A Cadi an gwada haɗa allurar dabbobi da ta yara a fita ɗaya tun farkon shekarun 2000, kuma makiyaya sun karɓa, domin mai raƙumi da ya zo don garkensa ba ya ƙin a duba ɗansa. Kamfe na gaggawa bayan ɓarkewar cuta na da amfani, amma allura ɗaya ba ta isa ga wanda bai taɓa yi ba, sai an koma masa sau biyu. Komawar nan ita ce ke da wuya ga jama'ar da ba ta zama wuri ɗaya.

Na uku, rigakafin na kare mutum daga dafi ne, ba ya hana ƙwayar zama a maƙogwaronsa gaba ɗaya. Mai lafiya sumul na iya ɗauke da ita ya shafa wa ƙaninsa. Don haka duk gidan da aka samu mai mashaƙo, sauran mutanen gidan na buƙatar antibiyotik da allura, ko da ba su jin komai.

Na huɗu, wanzamai, ungozomomi, malaman allo da masu sayar da magani su ne ke fara ganin yaron. In suka san cewa fata ruwan toka a maƙogwaro da kumburin wuya ba aikin aska ba ne, na asibiti ne a ranar, za su iya rage kwana biyu daga jinkirin. Sarakuna da limamai da gidajen rediyon garuruwa na da rawar takawa, da Hausa, da Tamashek, da Fulfulde, da Tubanci, da Larabci.

Ga iyaye kuma, abin da za a riƙe kaɗan ne. Yaron da ke da ciwon wuya da zazzaɓi, a buɗe bakinsa a haska a duba. In an ga fata mai ruwan toka, ko wuya ya kumbura, ko murya ta dushe, ko numfashi na ƙara, a nufi asibiti a ranar, kada a kankare, kada a yanka. In an sallame shi, a ci gaba da sa masa ido na tsawon makonni, a hana shi wasan guje-guje, a mayar da shi nan da nan in ya fara kasala, ko haki, ko ruwa na fita ta hancinsa. Tun 2006 doka ta tanadi jinya kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar a asibitocin gwamnatin Nijar, allurar rigakafi kuma ba a biyan ko dala. A ɗauko katin awon kowane yaro a duba ko Penta uku sun cika. In ba su cika ba, ko yaron ya girma, ana iya cike su.